Mabuɗin Rumbu a Hannun Wa? Matsayi, Nauyi da Ma'aunin Cancanta a Ayyukan Manhajoji Masu Buɗaɗɗen Tushe

Tsakure

Masu gina manhajoji masu buɗaɗɗen tushe sun daɗe suna cewa aikin mutum ne kaɗai ke ɗaga shi a cikinsu. Wannan maƙala ta auna wannan iƙirari da dokokin da ayyuka biyar suka rubuta wa kansu, wato Apache, Linux, Debian, Python da Kubernetes, sannan ta gwada dokokin da abin da ya auku a OpenSSL a 2014 da kuma xz a 2024. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce, matakan da ake hawa a waɗannan ayyuka ma'aunin amana ne kafin su zama ma'aunin gwaninta, kuma rauninsu ya fi fitowa a inda aka damƙa iko ba tare da an tanadi wanda zai taya ɗaukar nauyin da ke biye da shi ba.

1.0 Gabatarwa

Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka saki rubutun da aka gina ta da shi, lasisinta kuma ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Richard Stallman ya shelanta shirin GNU a 1983 da nufin samar da manhaja mai 'yanci, sunan buɗaɗɗen tushe kuma ya bazu daga 1998. A yau duk wayar Android da ke hannun jama'a a kan ƙwayar Linux take tafiya, haka ma kaso mai yawa na na'urorin da ke riƙe da intanet.

Lasisi yana ba kowa izinin ɗiba daga rumbu, amma bai ba kowa izinin zubawa a cikinsa ba. Duk wanda ya so zai iya kwafe rubutun gaba ɗaya ya tafi da shi ya yi nasa, sai dai rumbun asali, wanda duniya ke ɗiba daga gare shi, mabuɗinsa na hannun mutane ƙalilan. Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambayoyi uku. Ta wace hanya ake samun wannan mabuɗi? Wane nauyi ke rataye a wuyan wanda ya karɓe shi? Me ake aunawa a zahiri idan an ce wane ya cancanta?

Ga yadda aka yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi. Faci shi ne gyara ko ƙari da mutum ya aiko domin a haɗa da rubutun manhaja. Rumbu shi ne ma'ajiyar rubutun tare da tarihin duk sauyin da aka yi masa. Mai bita shi ne mai duba faci kafin a karɓa. Mai shigarwa shi ne wanda aka ba izinin rubutu kai tsaye a rumbu. Mai kula shi ne wanda wani sashe ko aikin gaba ɗaya ke wuyansa. Bugu shi ne sigar da aka kammala aka saki ga jama'a.

2.0 Waiwaye a Kan Ra'ayoyin Magabata

Kalmar da ake fassarawa da mulkin cancanta ta shahara ne daga littafin Michael Young na 1958, The Rise of the Meritocracy. Young gargaɗi ya yi da littafin: ya hango al'ummar da waɗanda suka hau za su ɗauka cancantarsu ce kawai ta kai su, har su daina jin cewa na ƙasa na da wani haƙƙi a kansu. Bayan shekara arba'in masu gina manhajoji suka ɗauki kalmar a matsayin kirari.

Eric Raymond, a rubuce-rubucensa na 1997 da 1998, ya ɗauki waɗannan al'ummu a matsayin masu al'adar kyauta, inda darajar mutum ke tashi gwargwadon abin da ya bayar. Josh Lerner da Jean Tirole, a 2002, sun kalli lamarin da idon masana tattalin arziki. A wurinsu, mai ba da gudummawa yana tallata gwanintarsa ne ga masu ɗaukar ma'aikata, ladan aikin kuma yana zuwa daga baya. Roy Fielding, wanda da shi aka kafa Apache, ya bayyana tsarinsu a 1999 da cewa shugabanci ne na tarayya, wanda yawan aikin mutum ke faɗaɗa abin da aka yarje masa.

Binciken da ya fara sa alƙaluma a kan maganar shi ne na Audris Mockus da Fielding da James Herbsleb, wanda ya fito a cikakkiyar sigarsa a 2002. Sun gano cewa kusan mutum 400 ne suka ba da rubutu ga manhajar sabar Apache, amma mutum 15 kacal suka yi sama da kashi 83 cikin 100 na sauye-sauyen, alhali waɗanda suka kawo rahoton matsala sun haura 3,000. Daga irin wannan sakamako ne Kumiyo Nakakoji da abokan aikinta suka fito da siffar da aka fi sani da tsarin albasa: 'yan tsiraru a tsakiya, ɓawo bayan ɓawo na masu taimako a kewaye, masu amfani zalla a can waje. Tushen wannan tunani yana komawa ga Jean Lave da Etienne Wenger, waɗanda a 1991 suka nuna yadda ake koyon sana'a daga gefe zuwa tsakiya. Ɗaya daga misalansu teloli ne 'yan ƙabilun Vai da Gola a Laberiya, inda yaron shago ke farawa da guga da ɗinka maɓalli, ya kai ga hawa keke, sai a ƙarshe a miƙa masa almakashi, domin kuskuren yanka ya fi kowane kuskure tsada.

Akwai kuma masu suka. Jo Freeman, tun farkon shekarun 1970, ta nuna cewa ƙungiyar da ta ce ba ta da shugabanni tana da su, ɓoye su kawai ta yi, wanda aka ɓoye kuwa ba a iya tuhumarsa. Siobhán O'Mahony da Fabrizio Ferraro, a nazarinsu na Debian a 2007, sun ga cewa gwanintar fasaha kaɗai ba ta kai mutum ga shugabanci, sai ya haɗa da aikin tsara ƙungiya da haɗuwa da jama'a ido da ido. Emilio Castilla da Stephen Benard, a 2010, sun gwada manajoji suka tarar cewa idan aka jaddada musu ma'aikatarsu mai bin cancanta ce, sai su fi fifita maza a kan mata masu aiki iri ɗaya wajen rabon lada. Josh Terrell da abokansa, a 2017, sun bi miliyoyin facin da aka aika a dandalin GitHub, suka ga ana karɓar na mata fiye da na maza a jimlace, amma idan mace baƙuwa ce a aikin kuma ana iya gane jinsinta, sai karɓar ta faɗi ƙasa da ta maza. Nadia Eghbal kuwa, a rahotonta na 2016, ta karkato da hankali ga masu kula, waɗanda duniya ta jingina a kansu ba tare da ta san da su ba.

Giɓin da wannan maƙala ta hango shi ne, ɓangare ɗaya ya tsaya a kan yadda ake hawa, ɗayan kuma a kan wanda ake tarewa a ƙofa. Ba a cika haɗa matsayi da nauyi a ma'auni guda ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanta rubutattun dokoki. An zaɓi ayyukan biyar ne saboda kowannensu ya wallafa tsarin tafiyar da kansa, kuma sun sha bamban a siffa: gidauniya, jerin masu kula, jamhuriya mai kundin mulki, zaɓaɓɓiyar majalisa, da tsani mai ƙididdiga. An yi wa kowanne tambayoyi huɗu: ƙofar shiga, ikon da ake bayarwa, nauyin da ake ɗorawa, da hanyar saukewa. Da yake abin da ke rubuce ba kullum yake zama abin da ake aikatawa ba, an ƙara da nazarin aukuwa biyu da bayanansu suka fito fili.

4.0 Nazari

4.1 Apache: cancantar da ba ta tsufa

Ƙungiyar Apache ta faro a 1995 da mutum takwas da suka ci gaba da yi wa sabar NCSA faci bayan marubucinta, Rob McCool, ya bar aikin. A 1999 ta zama gidauniya. Matakanta a bayyane suke: mai amfani, mai ba da gudummawa, mai shigarwa, ɗan kwamitin gudanar da aiki, sai ɗan gidauniya. 'Yan gidauniya ne ke zaɓen daraktoci tara.

Ba a neman matsayin mai shigarwa da takarda. 'Yan kwamiti ne ke lura da mutum, su tattauna a kansa a keɓe, su kaɗa ƙuri'a, sannan su gayyace shi. Ƙuri'a iri uku ce: +1 amincewa, 0 ba ruwana, -1 ƙi. A kan sauyin rubutu, -1 daga mai iko hawa kujerar naƙi ne, ba a tsallake shi, amma ba ya zama halattacce sai da hujjar fasaha. A kan sakin bugu kuwa babu kujerar naƙi: ana bukatar +1 uku daga 'yan kwamiti, masu amincewa kuma su rinjayi masu ƙi. Al'adarsu ce a bar ƙuri'a a buɗe aƙalla sa'o'i 72, domin wanda ke barci a wani yankin duniya ya farka ya tarar da ita.

Ƙa'idoji biyu sun fi jan hankali. Ta farko, cancanta ta mutum ce, ba ta kamfanin da ke biyansa ba, kuma wadda aka samu a wani aiki ba ta bin mutum zuwa wani. Ta biyu, cancanta ba ta tsufa: wanda ya zama mai shigarwa ya zama ke nan, ko da ya yi shekaru bai taɓa rubutun ba. Wannan ƙa'ida ta biyu tana da kyau ta fuskar mutunci, domin ba ta korar wanda haihuwa ko jinya ko sauyin aiki ya janye. Amma tana nuna abin da ake aunawa. Sanin rubutun manhaja yana tsufa, domin rubutun kansa yana sauyawa kowace shekara. Abin da zai iya zama ba ya tsufa shi ne shaidar cewa an taɓa ba wannan mutum amana bai ci ba.

4.2 Linux: sarƙar sa hannu

A Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, babu ƙuri'a. Akwai fayil mai suna MAINTAINERS da ke lissafa kowane sashe da mai kula da shi da masu bitarsa, tare da halin da sashen ke ciki: akwai wanda ake biya ya kula, akwai mai kula na sa kai, akwai wanda ake leƙawa jefi-jefi, akwai maraya, akwai wanda ya tsufa. Faci yana hawa ne daga marubuci zuwa mai kula da ƙaramin sashe, zuwa mai kula da babban sashe, zuwa Torvalds. Ana buɗe ƙofar shigar da sababbin abubuwa na mako biyu, sauran makonnin na gyara ne, bugu kuma na fita bayan mako tara ko goma. A 'yan shekarun nan kusan mutum 2,000 ke sa hannu a kowane bugu, mafi yawansu ma'aikatan kamfanoni ne da ake biya domin wannan aiki.

Tun 2004, sakamakon shari'ar da kamfanin SCO ya tayar kan asalin rubutun, duk faci yana ɗauke da layin sa hannu, inda mai aikowa ke shaida cewa yana da haƙƙin bayar da shi. Duk mai kulan da facin ya ratsa ta hannunsa yana ƙara nasa. Akwai kuma layuka na wanda ya yi bita, wanda ya gwada, wanda ya kawo rahoto, da wanda ya ba da shawara. Idan matsala ta ɓulla bayan shekara biyar, ana iya bin sawunta mutum bayan mutum. Torvalds ba ya karanta dubban facin da ke shiga kowane bugu, kuma ba zai iya ba. Abin da yake karɓa shi ne maganar mutanen da ya yarda da su, su ma a kan maganar waɗanda suka yarda da su.

Aukuwa biyu sun tabbatar da haka. A Afrilun 2021 aka dakatar da karɓar faci daga Jami'ar Minnesota baki ɗaya, bayan wasu masu bincike nata sun aika faci masu ɗauke da aibi da gangan don gwada masu bita, aka kuma koma aka sake duba waɗanda jami'ar ta aiko a baya. A Oktoban 2024 aka cire sunayen masu kula sama da goma da ke da alaƙa da Rasha daga fayil ɗin, saboda dokokin takunkumi. A duka biyun akwai waɗanda hukuncin ya shafa ba don an sami aibi a rubutunsu ba. Wannan ya isa ya nuna cewa matsayi yana rataye da abubuwan da ba su shafi ingancin faci ba.

4.3 Debian: jamhuriyar da ba ta tilasta wa kowa

Ian Murdock ya kafa Debian a 1993. Ta rubuta yarjejeniyarta da al'umma a 1997, kundin mulkinta kuma a 1998. Cikakkun mambobi, kimanin dubu ɗaya, suna zaɓen shugaba duk shekara, akwai kwamitin fasaha mai yanke hukunci idan masu kula sun saɓa, kuma babban ƙuduri na mambobi yana iya soke hukuncin shugaba. A Fabrairun 2014, da aka zo zaɓen tsarin tayar da na'ura, kwamitin ya rabu huɗu da huɗu, sai ƙuri'ar raba gardama ta shugabansa, Bdale Garbee, ta ba systemd nasara. Rikicin da ya biyo baya ya sa wasu suka ajiye muƙamansu, a 2015 kuma aka sa wa 'yan kwamitin wa'adi.

Ƙofar shiga Debian ita ce mafi tsauri a cikin biyar ɗin. Mai nema yana bukatar mamba da zai tsaya masa, a tabbatar da mabuɗinsa na sirri, a jarraba fahimtarsa ta aƙidar ƙungiyar da dokokinta, sannan a jarraba aikinsa. Shekaru da dama tabbatar da mabuɗi yana nufin haɗuwa da mamba ido da ido, abin da ke da sauƙi a Jamus ko Faransa, mai wuya ga wanda babu mamba ko ɗaya a ƙasarsa. Sai a 2020, lokacin annobar korona, aka buɗe hanyar da waɗanda suka daɗe suna aiki da mutum za su shaidi mabuɗinsa daga nesa. A 2007 an ƙirƙiro matsakaicin matsayi mai izinin ɗora wasu ƙunsoshin manhaja kawai, a 2010 kuma mambobi suka amince a ba masu fassara da masu rubuta bayanai da masu shirya taruka cikakken matsayi da ƙuri'a.

Sai dai kundin ya faɗa ƙarara cewa bai wajabta wa kowa yi wa ƙungiyar aiki ba. Abin da ya hana kawai shi ne yi wa dokoki da hukunce-hukunce zagon ƙasa. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a nan babu ladan da aka ci, don haka babu askin da za a tilasta. Debian ta magance wannan da dabaru maimakon horo: akwai tawagar bin sawun mambobin da suka ɓace, akwai hanyar ayyana ƙunshi a matsayin maraya domin wani ya ɗauka, akwai kuma izinin wani ya ɗora gyaran gaggawa a ƙunshin da ba nasa ba.

4.4 Python da Kubernetes

Guido van Rossum ya riƙe kalmar ƙarshe a Python har zuwa 12 ga Yuli, 2018, ranar da ya sauka bayan zazzafar muhawara kan shawara mai lamba 572, bai kuma naɗa magaji ba. Manyan masu ginin suka zaɓi tsarin majalisa mai mutum biyar, wadda aka fara zaɓa a 2019. Ba a yarda fiye da mutum biyu daga ma'aikata ɗaya su zauna a cikinta ba. Sabon mamba na bukatar kashi biyu cikin uku na ƙuri'a, wanda kuma ya daina aiki yana komawa jerin marasa ƙuri'a har sai ya dawo.

Kubernetes, wanda Google ya saki a 2014, ya mayar da tsanin lissafi. Mai neman zama mamba yana bukatar masu tsaya masa biyu daga kamfanoni daban-daban. Zama mai bita na bukatar wata uku da hannu a faci 20 masu nauyi, zama mai amincewa kuma wata uku a bita da faci 30. An raba iko gida biyu, hukuncin ingancin faci da hukuncin dacewarsa da aikin gaba ɗaya, kuma kowane sashe na da fayil mai lissafa masu wannan iko. Ƙididdiga tana rage son kai, domin baƙo ya san abin da ake nema a wurinsa. Illarta ita ce duk abin da aka ce za a ƙirga, shi mutane za su tara.

4.5 Abin da ma'auni ba ya gani

Rumbu yana ajiye sunan wanda ya rubuta layi. Ba ya ajiye sunan wanda ya kwana yana maimaita matsala har ya gano sanadinta, ko wanda ya amsa tambayar sabon shiga karo na ɗari cikin haƙuri, ko wadda ta fassara fuskar manhaja zuwa Hausa, ko wanda ya sasanta manyan masu kula biyu kafin aiki ya dare. Layukan godiya na Linux da ƙudurin Debian na 2010 yunƙuri ne na gyara wannan, amma a yawancin ayyuka rubutu ne har yanzu kuɗin da ke sayen matsayi.

Abu na biyu shi ne lokaci. Faci 20 masu nauyi aikin ofis ne ga injiniyan da kamfani ke biya domin haka. Ga ɗalibi a Kano ko Damagaram da ke jiran a kawo wuta, yana sayen data da kuɗin aljihunsa, yana rubuta hujjarsa da harshen da ba nasa ba, adadin nan yana da wani farashi dabam. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, domin facin da ya ƙirga an yi su. Amma ya haɗa gwaninta da sarari ya kira su da suna ɗaya. A ganin wannan maƙala, wannan bai isa dalilin watsi da cancanta ba, domin manhajar da asibitoci da bankuna suka dogara da ita ba za a miƙa mabuɗinta ga wanda ba a gwada ba. Dalili ne na daina ɗaukar jerin sunayen da ke sama a matsayin jerin waɗanda suka fi kowa iyawa.

4.6 Nauyi a saman tsani: OpenSSL da xz

A 2016 Guilherme Avelino da abokansa sun auna ayyuka 133 da suka shahara a GitHub, suka tarar kashi 65 cikin 100 za su durƙushe idan mutum ɗaya ko biyu suka tafi. Ayyuka biyar da aka tattauna a sama su ne masu gata. Mafi yawan manhajojin da duniya ke amfani da su ba su da kwamiti ko majalisa.

Aibin da aka sa wa suna Heartbleed ya shiga OpenSSL a ƙarshen Disambar 2011, bayan bitar mutum ɗaya, ya fita a bugun Maris na 2012, ba a bayyana shi ba sai 7 ga Afrilu, 2014. Lokacin ne aka ji cewa manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet gudummawar da take samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum ɗaya ne ke yi mata aiki na cikakken lokaci. Mai bitar ya cancanta ta kowace fuska. Abin da ya rasa shi ne ido na biyu.

Lamarin xz ya fi wannan koyarwa, domin a cikinsa an hau tsanin ne daidai yadda aka tsara a hau shi. Xz ƙaramar manhajar matse bayanai ce da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, Lasse Collin kuma ya riƙe ta shekaru, kusan shi kaɗai, ba da albashi ba. A ƙarshen 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da faci ƙanana masu amfani. A 2022 wasu sunaye da ba a san su da wani aiki ba suka dinga matsa wa Collin, suna ƙorafin jinkiri, suna neman ya miƙa aikin ga wani. Collin ya tuna musu cewa aikin sa kai ne, ya kuma ambaci Jia Tan a matsayin wanda ke taimaka masa. Sannu a hankali Jia Tan ya sami izinin shigarwa, a 2023 ya kai ga sakin bugu da sa hannunsa. A bugu na 5.6.0 na Fabrairun 2024 da 5.6.1 na Maris ya dasa ɓarauniyar ƙofa: ya ɓoye muguwar hajar a cikin fayilolin gwaji, ya sa abin da ke tayar da ita a ƙunshin da ake rarrabawa kawai, inda mai karanta rumbu ba zai gan shi ba. Andres Freund, injiniya mai aikin PostgreSQL, yana wani gwaji a sigar Debian ta gwaji ya lura shiga na'ura daga nesa na cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima, yana kuma ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu, ya sanar a ranar 29 ga Maris, 2024, kafin abin ya kai ga tabbatattun bugu na manyan tsare-tsare.

Da za a auna Jia Tan da ma'aunin cancanta, da ya ci: fiye da shekara biyu na aiki, faci masu inganci, haƙuri, amsa a kan kari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ita ce gajiyar mutum ɗaya da babu mai karɓarsa. Matakin da aka ba Jia Tan ya tattara rubutu da shigarwa da sakin bugu a hannu guda. Sharaɗin Apache na ƙuri'a uku kafin bugu, da sharaɗin Kubernetes na masu tsayawa daga kamfanoni biyu, da tantancewar Debian, duk an yi su ne domin irin wannan rana, amma kowannensu na bukatar jama'ar da xz ba ta da su.

5.0 Abin da Nazarin Ke Nunawa Game da Gyara

Idan amana ce ake aunawa, to tsarin da ya dace shi ne wanda ya yarda da haka a fili. Mataki na farko shi ne raba girmamawa da mabuɗi. Sunan wanda ya yi wa aiki hidima ya dawwama a jerin girma, kamar yadda Apache ke so, amma izinin shigarwa da ƙuri'a su bi aikin yanzu, kamar yadda Python ta yi. Mabuɗin da mai shi ya manta da shi haɗari ne ga kowa, har da mai shi.

Na biyu, kuma mafi nauyi, kada marubucin faci ya zama shi ne mai amincewa da shi kuma mai sakinsa. Ƙaramin aikin da ba shi da mutum uku ba zai iya wannan da kansa ba, don haka nauyin ya koma kan masu cin moriyarsa. Bayan Heartbleed, Gidauniyar Linux ta tara kuɗi daga manyan kamfanoni aka ɗauki ma'aikata ga OpenSSL, abin da ya nuna cewa ana iya yi, sai dai an yi shi ne bayan ɓarna. Kamfanin da ya sa manhajar mutum ɗaya a cikin hajarsa ya san sunanta, domin tana cikin lissafin abubuwan da ya haɗa. Abin da ya fi dacewa ya bayar shi ne lokacin injiniyansa na yin bita, a rubuce cikin aikinsa na mako, da sunansa a fayil ɗin masu kula, domin mai riƙe da aikin ya sami wanda zai miƙa wa faci ya duba kafin bugu ya fita.